Yanda zaka bi sawun sojan igwa na Ostiraliya a takardun yaƙin duniya

Idan kana da sunan wani sojan igwa ɗan Ostiraliya da ya yi yaƙin duniya na ɗaya ko na biyu, ko aikin makaranta aka baka, ko ka ga sunan ne a gefen wata tsohuwar lambar yabo, ko kuma kai dai mai son tarihin yaƙi ne kawai, toh gaskiya ka taki sa'a, domin ƙasashe kaɗan ne suka adana takardun sojojinsu kamar Ostiraliya, kuma suka zuba mafi yawansu a intanet kyauta. Ingila ma da take uwar gijiyarsu a lokacin, yawancin fayilolin sojojinta na yaƙin farko sun ƙone a 1940 da Jamus ta yi ruwan bama-bamai a Landan. Na Ostiraliya suna nan lafiya lau.

Amma fa tun yanzu in gaya maka, fayil ɗin mutum shi kaɗai ba zai baka labarinsa ba. Kwanan wata zai baka da sunayen asibitoci da laifukan da ya yi, ba zaka taɓa ganin an rubuta "ya yi yaƙin Pozieres" ba. Sojan igwa ba ya yaƙi shi kaɗai, inda igwarsa take nan yake, igwar kuma tana cikin wani rukuni da suke kira batiri. Don haka aikin gaba ɗaya shine ka gano wane batiri yake ciki a wane wata, sannan ka bi batirin. Sauran duk cike gurbi ne.

Fara da suna da lamba

Ka shiga shafin National Archives of Australia, wato ma'adanar takardun gwamnatin ƙasar, ka nemi RecordSearch, akwai wajen bincike da suna. Fayilolin sojojin yaƙin farko suna cikin jerin da ake kira B2455, kuma an riga an ɗauki hotonsu, shafi bayan shafi zaka karanta ba sai ka biya ko sisi ba. Na yaƙi na biyu kuma B883 ne ga waɗanda suka sa kai don zuwa ƙasashen waje, B884 ga dakarun cikin gida.

Ga inda mutane ke faɗawa rami tun a matakin farko: a yaƙin farko lambar soja ba ta mutum ɗaya bace. Kowace bataliya ko birged ita ke raba nata lambobin, saboda haka lamba ɗaya zaka iya samun mutane da yawa suna ɗauke da ita, hafsoshi kuma ba su da lamba ma sam. Sai ka haɗa suna da lamba da garin haihuwa da sunan magajin da ya rubuta, uwa ce ko uba ko mata, kafin ka yarda cewa mutuminka ne. Kuma kar ka yarda da shekarun da ya rubuta ɗari bisa ɗari. Daga tsakiyar 1915 'yan shekara 18 zuwa 45 ake ɗauka, wanda bai kai 21 ba sai da izinin iyaye, toh yara sun ƙara shekaru, dattawa sun rage, wasu ma da sunan ƙarya suka shiga. Duk sa kai suka yi, don sau biyu aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tilasta shiga soja, 1916 da 1917, kuma duka biyun jama'a suka ce a'a. Mutum sama da 416,000 suka rubuta suna a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 5 ba, sama da 60,000 basu dawo ba.

A yaƙi na biyu abin ya fi sauƙi don lambar tana da harafi a gaba mai nuna jiha, NX na New South Wales, VX na Victoria, QX na Queensland, SX da WX da TX na sauran. Wannan X ɗin shi ke nuna ɗan sa kai ne na rundunar da ake kira AIF ta biyu. In babu X ɗan dakarun gida ne, kodayake da yawa daga baya sun sauya, sai ka ga mutum ɗaya da lamba biyu.

Muƙaminsa zai gaya maka aikinsa

Kafin ka yi nisa duba muƙamin. A wajen 'yan igwa ba a cewa farabiti, Gunner ake rubutawa ko a gajarce Gnr, shi ne mai aiki a kan igwar kanta, ɗura harsashi, saiti, harbawa. Bombardier kuma wani ƙaramin muƙami ne sama da shi, sai saje wanda shi ke riƙe da igwa guda da mutanenta. Sai kuma Driver, Dvr, kuma wannan a yaƙin farko ba direban mota bane fa, mai dawaki ne. Igwar da suka fi amfani da ita, mai harsashin laba 18 da ke kai kusan kilomita 6, dawakai shida ke janta, biyu-biyu, kowane biyu da mahayinsu ɗaya. Akwai maƙera masu sa wa dawaki takalmin ƙarfe, akwai dukawa masu gyaran sirdi da linzami, akwai masu gyaran ƙafafun igwa, akwai masu jan wayar tarho tsakanin igwa da hafsan da ke gaba yana hango inda harsashi ke sauka. Waɗannan masu wayar sun sha wuya ba kaɗan ba, don duk lokacin da bam ya tsinka waya su ake turawa su bi ta a fili su ɗaura.

Wannan bambancin yana da amfani sosai, saboda Gunner da Driver na batiri ɗaya ba waje ɗaya suke kwana ba. Dawaki suna can baya da 'yan kilomitoci, da dare direbobi ke ɗauko harsasai su kawo gaba. Mutane suna ɗauka aikin baya hutu ne, alhali Jamusawa sun san hanyoyin sarai kuma su suke ɓarin wuta a kansu duk dare, musamman hanyar Menin a gabashin garin Ypres na Beljiyam a 1917, inda taɓo ya hana keken doki wucewa sai a bayan dawaki da alfadarai ake ɗaura harsasan.

In kana da hotonsa ma zai taimaka. 'Yan igwa na yaƙin farko suna sa ƙaimi da fatar naɗe ƙwauri da ɗamarar harsashi a kafaɗa, shi yasa ake yawan ɗaukarsu sojojin dawaki na Light Horse. Duba ƙyallen da ke hannun rigar, na igwa ja da shuɗi ne, siffarsa kuma tana nuna dibishan, wato babbar rundunar da birged ɗinsa take ciki, misali ta 2 mai kusurwa huɗu a karkace, ta 3 kamar ƙwai, ta 4 zagaye.

Takardar da zaka fi daɗewa a kanta

Shafukan farko na fayil ɗin takardar rantsuwa ce, sana'arsa, tsayinsa, nauyinsa, launin ido, addini, tabon jiki. Ka karanta ka wuce. Wadda zaka zauna a kanta ita ce Casualty Form, fom mai lamba B103, kuma kar sunan ya ruɗe ka, ba rauni kaɗai ake rubutawa ba, duk wani motsi da ya yi a ciki yake, canjin rukuni, ƙarin girma, hutu, asibiti, horo.

Abu na farko, akwai kwanan wata biyu a kowane layi. Na hagu ranar rahoton ne, na dama shine ranar da abin ya faru da kuma wurin, kuma tsakaninsu zai iya kai makonni. Na dama zaka ɗauka. Na biyu, rana ce ke zuwa kafin wata, 4.10.17 na nufin 4 ga Oktoba 1917. Na uku kuma gajerun kalmomin nan da akawun soja suka cika takardar da su. TOS an shigar da shi cikin rukuni, SOS an cire shi, waɗannan biyun su ne ƙashin bayan aikinka. FAB ko FA Bde birged ɗin igwa ce, Bty batiri, How Bty batirin igwa mai cilla harsashi sama ya faɗo a kan ramin abokan gaba, DAC ayarin masu dakon harsasai na dibishan. WIA ya ji rauni, KIA an kashe shi a fagen fama, DOW ya mutu sakamakon rauni, RTA an maida shi gida. CCS asibitin wucin gadi ne kusa da filin daga. PUO zazzaɓi ne da likita bai gano dalilinsa ba, sau da yawa wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramuka. GSW a rubuce raunin harsashin bindiga ne amma akawun suna sa shi har ga wanda ɓallin ƙarfen bam ya yanka, kuma ga ɗan igwa wannan ɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba. AWL ya fita ba izini, zaka ga an yanke masa albashin kwana kaza, kuma albashin nasu ba laifi, sule 6 a rana ga ƙaramin soja a waje, ana riƙe sule 1 sai ya gama aiki. In ka ga AWL kar ka ce matsoraci ne ya gudu, yawanci hutu aka bashi a Landan ya ƙara kwana biyu da kansa.

Ka ɗauki takarda ko ka buɗe tebur a kwamfuta ka jera komai bisa kwanan wata, rana kaza zuwa rana kaza yana batiri kaza, rana kaza zuwa kaza yana asibiti. Da ka gama zaka sha mamaki, don wani ya shekara uku a soja amma watannin da ya yi a bakin daga basu kai goma ba, sauran jirgin ruwa ne da sansanin horo a Masar ko Larkhill a Ingila da jinya.

Sannan ka lura da lokuta biyu da aka yamutsa tsarin gaba ɗaya. A farkon 1916, bayan janyewa daga Galipoli ta Turkiyya, aka faɗaɗa rundunar a Masar aka ƙirƙiri dibishan ta 4 da ta 5, sai aka rasa 'yan igwa, aka riƙa kwaso sojojin ƙasa da na dawaki ana maida su igwa. Don haka in rajistar tashin jirgi ta nuna mutuminka a bataliyar sojan ƙasa, kar ka ce ba shi bane, rajistar rukunin da ya bar gida da shi kawai take nunawa. Sai kuma farkon 1917 a Faransa, aka maida kowane batiri igwa shida maimakon huɗu, aka rushe wasu aka raba mutanensu, kowace dibishan ta rage da birged biyu, sannan birged ta 3 da ta 6 da ta 12 aka cire su daga dibishan aka maida su na ko-ta-kwana, duk inda ake buƙatar ƙarin wuta can ake tura su ko da sojojin Ingila ne ko na Kanada ke gaba.

Yanzu sai kundin yaƙi

Nan ne labarin yake. Ka koma shafin Australian War Memorial, gidan tunawa da mazan jiya da ke Kanbera wanda aka buɗe a 1941. Kowane rukunin soja dole ne ya riƙa rubuta abinda ya faru kullum, kuma waɗannan kundayen na yaƙin farko suna cikin jerin AWM4, na igwa a aji na 13, wata-wata aka raba su, ka sauke ka karanta. Galibi na birged zaka samu ba na batiri ɗaya ba, saboda haka sai ka san batirin nasa a wace birged yake. Misali birged ta 7 tana da batiri na 25 da 26 da 27 da kuma na 107, duk batirin da lambarsa ta haura 100 irin mai cilla harsashi sama ne.

A ce fayil ya nuna mutuminka Gunner ne a batiri na 26, kuma an kai shi asibiti a Oktoba 1917 saboda hayaƙi mai guba. Sai ka buɗe kundin birged ta 7 na Satumba da Oktoba 1917, ka ga inda aka girke igwogin, harsashi nawa suka harba, yaushe aka yi musu luguden wuta, igwa nawa suka lalace, mutum nawa suka rasa a ranar. Kar ka sa rai da ganin sunansa, hafsoshi kawai ake kira da suna, ƙananan sojoji sai dai a ce "OR 3 sun ji rauni", OR na nufin waɗanda ba hafsoshi ba. Amma in ranar ta yi daidai da ta fayil ɗinsa, ai ka san ɗaya daga cikin ukun nan shi ne. Kuma lokacin ya dace, don a Yuli 1917 Jamus ta fara amfani da gubar nan mai ƙona fata da makantar da ido a yankin Ypres, kuma wuraren igwa take yawan nufa da ita tunda igwa ba ta tashi da sauri kuma gubar tana daɗewa a ƙasa.

Kar ka tsallake shafukan ƙarshe na kowane wata, wallahi wani lokacin sun fi kundin kansa daɗi, akwai umarnin farmaki da jadawalin wuta da taswirar da ke nuna yanda harsasai zasu riƙa matsawa gaba minti bayan minti sojojin ƙasa na biye a baya. In ka karanta na Hamel a Faransa, 4 ga Yuli 1918, farmakin da Janar John Monash ya tsara ya ƙare cikin minti 93, zaka gane cewa aikin igwa lissafi ne zalla. Wuraren kuma da lambar taswira ake rubuta su ba da suna ba, harafi da lambobi, yankin Ypres shafi na 28 ne, Pozieres 57D, Hamel da Villers-Bretonneux 62D. Ɗakin karatu na ƙasar Sikotilan ya sa taswirorin ramukan yaƙin a intanet yanda zaka ɗora su a kan taswirar yau, har ka ga gonar da igwar ta tsaya.

Ga kuskuren da nake ganin ya fi kowanne yawa, kuma shi yasa nake ta nanata maganar batiri. Mutum zai ga sojansa ɗan dibishan ta 1 ne, sai ya je ya kwafo tarihin dibishan ɗin ya liƙa masa. Ba haka abin yake ba. Sojojin ƙasa in sun yi kwanaki a gaba ana janye su su huta, amma igwa sau da yawa ana barinta a wurin tana taimakon waɗanda suka canje su. A Ypres haka aka yi, 'yan igwa sun yi makonni a taɓo bayan nasu sojojin sun fita. A ƙarshen yaƙi ma, sojojin ƙasa na Ostiraliya sun yi faɗansu na ƙarshe a Montbrehain ranar 5 ga Oktoba 1918 aka janye su, amma igwoginsu suka ci gaba da mara wa Amurkawa da Ingilishi baya har farkon Nuwamba. Wanda ya bi tarihin dibishan zai ce mutuminsa yana hutu alhali yana can yana harbi. Haka kuma akwai ranakun da tarihin igwa ne kawai ya damu da su, kamar 15 ga Afrilu 1917 a Lagnicourt inda Jamusawa suka kutso da asuba har cikin wuraren igwogin Ostiraliya suka lalata wasu kafin a kore su.

In bai dawo ba, ko in ya dawo

In ya mutu, akwai ƙarin wurare uku. Roll of Honour a shafin gidan tunawar, tare da fom ɗin da iyalinsa suka cike bayan yaƙi da hannunsu. Sai shafin Commonwealth War Graves Commission da zai nuna maka maƙabarta da layi da lambar kabari, in kuma ba a samu gawar ba zaka ga sunansa a bangon Menin Gate a Beljiyam ko Villers-Bretonneux a Faransa ko Lone Pine a Galipoli. Na ukun shine fayilolin Red Cross na waɗanda suka ji rauni ko suka ɓata, ofishin da Vera Deakin ta kafa a Alƙahira a 1915, inda aka riƙa bin abokan aikin mamaci a asibitoci ana tambayarsu me suka gani. Nan kaɗai zaka ji muryar waɗanda ke tare da shi a kan igwa, amma ka karanta da hankali, shaidu uku zasu iya baka labari uku, wasu ji suka yi ba gani ba, wasu kuma suna sassauta maganar ne saboda uwar da zata karanta. Wanda ya ce shi ma a kan igwar yake, ko shi ya binne shi, maganarsa ta fi nauyi. A bayan fayil ɗin nasa na ma'adana kuma zaka ga wasiƙun iyali zuwa ofishin rajista na Melbon da jerin 'yan kayan da aka aiko musu.

In ya samu lambar bajinta, nemi takardar shawarar bashi a sashen Honours and Awards, ita ke faɗin abinda ya yi a wace rana. Sauran lambobin uku, tauraron 1914-15 da British War Medal da Victory Medal, na halarta ne, hatiminsu yana shafin ƙarshe na fayil.

Sai Trove, rumbun tsofaffin jaridu na ɗakin karatun ƙasar. Ka rubuta Gunner ko Driver da sunan mahaifinsa da sunan garinsu, don jaridun ƙananan garuruwa suna buga wasiƙun da sojoji suka aiko gida da labarin walimar ban kwana da ta tarba. Ka gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban saboda na'ura ce ta karanta tsohon bugun kuma tana kuskure sosai. Tarihin yaƙin na hukuma da Charles Bean ya jagoranta, juzu'i 12, shi ma yana nan kyauta, sai dai ya fi karkata ga sojojin ƙasa, ka yi amfani da shi don ganin babban hoton kawai.

Na yaƙi na biyu

Hanyar ɗaya ce, sunaye ne suka canza. Ka fara da rajistar yaƙin duniya na biyu ta ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, DVA, sai dai ita rukunin da aka sallame shi daga ciki take nunawa, wanda zai iya zama wani sansanin jira ba inda ya yi yaƙi ba, don haka dole ka buɗe fayil ɗin. Kundayen yaƙi suna AWM52. Birged ta koma rejimanti, mota ta maye gurbin doki, igwar kuma mai harsashin laba 25 ce da ke kai kilomita 12. In ka ga 2/ a gaban lamba, kamar 2/5, rukunin 'yan sa kai ne.

Lambar rejimanti kaɗai tana iya gaya maka rabin labarin. 2/12 tana Tobruk a Libiya a 1941 inda har da igwogin da aka ƙwace daga Italiya suka yi aiki, sannan ita da 2/7 da 2/8 suna El Alamein a Masar a 1942. 2/5 ta yi Siriya a 1941, can ne Roden Cutler ya samu Victoria Cross, lambar bajinta mafi girma, ya kuma rasa ƙafa, daga baya ya zama gwamnan New South Wales. In kuwa ka ga 2/10 ko 2/15, ko rejimantin harbo tankoki ta 2/4 da ta ragargaza tankokin Japan a Bakri ta Malaya cikin Janairu 1942, toh ka shirya, don waɗannan suna cikin waɗanda aka kama da Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942. Daga nan kundin yaƙi ya tsaya, fayil ɗin ma zai yi shiru na sama da shekara uku, sai dai ka koma rajistar fursunonin yaƙi ka nemi ayarin da aka tura shi ciki, sansanin Changi a Singafo ne ya zauna, ko layin dogon Bama da Tailan, ko Sandakan a Borneo inda kusan babu wanda ya tsira. Wasu fayilolin yaƙi na biyu in ka ga ba a sa hotonsu ba, akwai wajen neman kwafi a RecordSearch ɗin, ana biyan kuɗi kaɗan kuma da zarar an ɗauka sai ya zama kowa na iya gani. Ka kuma sake bincika sunan nasa a can ba tare da lambar jeri ba, don wani lokacin akwai fayil na daban na fansho da jinyar bayan yaƙi, kuma ga 'yan igwa a nan ne zaka yawan cin karo da ƙorafin kurumta da ciwon ƙirji shekaru bayan an sallame su.